Ranar Da Ɗaya Ya Koma Ƙarshen Layi

Gabatarwa

 Ni dai ba Bahaushiya ba ce. A Kafanchan aka haife ni, a gida kuma harshen Tyap muke yi, wanda Hausawa ke kira Katab. Hausa kuwa a kasuwa da bakin tashar jirgin ƙasa da filin wasan makaranta na tsince ta, kamar yadda akasarin 'ya'yan kudancin Kaduna suke tsintar ta. Na faɗi wannan tun da wuri ne saboda mai karatu ya san inda na tsaya, domin abin da zan yi magana a kai ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, mu da muka koyi Hausa da girmanmu, fiye da waɗanda suka sha ta a nono.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ɗalibin harshe na wannan zamani bai gama karatu ba sai ya san yadda kwamfuta take kallon haruffa da lambobi, kuma lokaci ya yi da za mu daina ɗora wa na'ura laifin yar da haruffa masu ƙugiya. Wani wasan kacici-kacici ne ya kai ni ga wannan ra'ayi, saboda haka da shi zan fara.

Kacici-kacicin ƙanina

A hutun ƙarshen shekarar 2023 na je gida, na tarar ƙanina ya shiga koyon rubuta manhajar kwamfuta da wani harshe da ake kira Python. Wani dare muna zaune a tsakar gida sai ya ce da ni, "Yaya, ke da kike karatun harshe, ga wata tambaya. An ba mutum lambobi a hargitse, an ce ya rubuta wa kwamfuta umarnin da za ta jera su daga ƙarama zuwa babba, amma an hana shi amfani da harafin s ko da sau ɗaya. Yaya zai yi?"

Na ce masa ban ga wahala a nan ba, ai sai ya bar s ɗin kawai. Ya yi dariya, ya bayyana mini cewa a Python akwai umarni guda biyu shiryayyu waɗanda ke yin wannan aiki nan take, kuma sunan kowannensu da s ya fara. Ke nan wanda ya hana ka wannan harafi ɗaya ya ƙwace maka fartanya ya ce ka yi noma. Dole ka zauna ka yi tunanin mene ne ainihin jerawa.

Amsar da ya samo ba ta da bambanci da abin da mahaifiyarmu ke yi idan za ta kasa doya a kasuwa. Ta duba tulin ta zaro mafi ƙanƙanta ta ajiye gefe, ta sake dubawa ta zaro mafi ƙanƙanta a cikin ragowar ta ajiye kusa da ta farko, haka dai har tulin ya ƙare. Umarnin da ke zaro mafi ƙanƙanta sunansa min, babu s a cikinsa, sauran kalmomin da ya buƙata su ma ya dace babu. Ya ce masu wannan sana'a kan yi irin wannan gasa ne domin wasa ƙwaƙwalwa: wani ya hana alƙaluma, wani ya hana wasula, wani ya ce a ga wanda zai rubuta umarnin da haruffa mafi ƙaranci. Marubuta ma suna yi, domin a 1969 wani Bafaranshe mai suna Georges Perec ya wallafa littafin ƙagaggen labari sukutum ba tare da harafin e ba.

Da na ji haka sai na ce masa, "Ku wasa kuke yi da harafi ɗaya, in kun gaji ku koma ku ɗauki abinku. Mu kuwa masu rubuta Hausa an yi shekaru aru-aru na'ura ta hana mu ɓ da ɗ da ƙ, kuma ba da wasa ba." A lokacin ban san cewa kafin hutun ya ƙare zan ga wannan magana da idona ba.

Yadda kwamfuta ke jera abubuwa

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kaɗai ta sani. Kowane harafi an ba shi lambarsa. A tsarin ASCII da aka fito da shi a Amurka a 1963, gurabe 128 ne kacal aka tanada, kuma an yanka su daidai da buƙatar Ingilishi. Babban A shi ne 65, babban Z 90, ƙaramin a 97, ƙaramin z 122. Alƙaluma ma an ba su nasu gurabe, daga 48 na sifiri zuwa 57 na tara. Idan aka ce wa manhaja ta jera kalmomi, ba a kuma koya mata wata ƙa'ida ba, waɗannan lambobi take bi, harafi bayan harafi, daga hagu zuwa dama.

Alal misali, idan aka shigar da lambobi a matsayin rubutu aka ce ta jera, ga abin da za ta bayar: 1, 10, 100, 2, 25, 9. Ba hauka ta yi ba. Ta dubi alƙalamin farko ne kawai, ta ga 100 da 1 ta fara, 9 kuwa da 9, sai ta sa 100 a gaba. Yanzu a ɗauka sakamakon jarrabawa ne malami ya ce a jera masa daga mai yawan maki zuwa mai ƙarancinsa. Yaron da ya ci 9 shi zai zo na ɗaya, mai 85 ya bi shi, wanda ya cinye 100 kuma ya zo na kashin baya.

Haruffanmu masu ƙugiya ba sa cikin waɗancan gurabe 128. Sai da tsarin Unicode ya zo, wanda aka fara wallafawa a 1991, suka sami mazauni tabbatacce, amma can nesa da 'yan'uwansu. Ƙaramin ƙ yana kan lamba 409, ɓ yana kan 595, ɗ kuma 599. Manyansu kuwa, Ɓ na kan 385, Ɗ 394, Ƙ 408. Duk sun wuce z nesa ba kusa ba. Saboda haka na ce wa ƙanina ya rubuta sunayen lambobin Hausa daga ɗaya zuwa goma, ya ce wa manhajarsa ta jera su bisa abacada. Ga abin da ya fito: bakwai, biyar, biyu, goma, huɗu, shida, takwas, tara, uku, ɗaya. Kalmar da ya kamata ta zo ta huɗu, tsakanin biyu da goma, ta koma ƙarshen layi. Muka yi dariya muka tafi barci.

Takardar da aka bari a cikin inji

Bayan kwana uku dariya ta ƙare. Ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu takan tara gudummawa duk shekara ta sayi littattafan rubutu da yadin makaranta ta raba wa marayu. Sakataren ya kawo mini sunayen yaran a rubuce da hannu ya ce in buga masa su a kwamfuta, tunda ni ce 'yar jami'a. Duk wanda ya san yankinmu ya san sunayen Hausa sun cika gidajenmu, irin su Ladi da Talatu da Godiya da Ɗanladi da Ɗanjuma da Ɗan'asabe. Ni kuwa da zumuɗin abin da aka koya mini a darasin ƙa'idojin rubutu, na sa wa kowane Ɗ ƙugiyarsa. Ƙanina ya zuba sunayen a cikin 'yar manhajarsa ta jera su, muka kai shagon buga takardu.

Shafi biyu suka cika daga A har Z. Shafi na uku ya fito da sunaye huɗu kacal, duka masu farawa da Ɗ. Wanda aka aika karɓowa ya ga shafi na biyu ya ƙare da sunan da ya fara da Z, ya tabbata an gama, ya baro na ukun a bakin inji. Ranar rabo aka kira suna har ƙarshe, yara huɗu suna tsaye ba a kira su ba. Wata tsohuwa, kakar ɗaya daga cikinsu, ta tashi tana share hawaye, ta ce ta san dalili, ai rikicin gonar da ke tsakanin gidansu da wasu shugabannin ƙungiyar ne ya sa aka cire jikanta. Kafin a gano takardar a kawo, magana ta riga ta zaga ƙauye, kuma har na koma makaranta ba a gama ba ta haƙuri ba.

Da daddare wani kawuna ya kira ni ya ce, "'Yata, da kin rubuta Danladi kamar yadda kowa ke rubutawa, da duk wannan bai faru ba. Bokon naki ne ya yi yawa." Na sunkuyar da kai na ce, "Gaskiya ne, Kawu." Kuma ta wata fuskar gaskiyar ce. Amma na kwana ina juya maganar, na ga cewa idan na yarda da ita gaba ɗaya, to na yarda ke nan duk lokacin da na'ura ta kasa ɗaukar harshe, harshen za a datse, kamar mutumin da takalmi ya matse shi ya ce a yanke yatsa.

Tarihin wannan takura

Wannan matsala ta girmi kwamfuta. Tun lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, ake ta faman neman yadda za a nuna waɗannan sautuka da kayan aikin da aka ƙera domin Turanci. An gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada waƙafin sama a gefensa. A shekarun 1930, zamanin Dokta Rupert East a hukumar talifi ta Zariya, aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 kuma ta kai su lungu-lungu. Duk da haka malamanmu sun ba mu labarin yadda a zamanin tafireta ɗalibi kan buga kundinsa, sannan ya bi shafi-shafi da biro yana lanƙwasa kan kowane k da d da b.

Da kwamfuta ta shigo sai aka koma ga dabara. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro samfurin haruffan Hausa na kwamfuta, irin su Rabi'at, waɗanda suka share wa marubuta hawaye matuƙa. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta amfani da ita a zana mata ƙugiya. Idan aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da samfurin, sai alamar ta koma kamanninta na asali, shi ya sa har yau mukan ci karo da }asa a madadin ƙasa, ko ]aya a madadin ɗaya. Wasu kuma suka ɗauki q da x da v, suna rubuta qasa da xaya da varawo. Haka zalika da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, saƙon tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma harafi ɗaya tak da ba ya cikin jerin da aka tanada yakan mayar da shi 70. Ko wayar mutum tana da ƙ, sa shi na nufin ƙarin kuɗi. Wa zai ga laifin wanda ya bar shi?

Duk waɗannan uzurori ne na gaskiya a zamaninsu. Amma idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Yau allon madannai na Gboard da ke wayoyin Android yana da Hausa, Windows ma haka, kuma saƙonnin WhatsApp da Facebook ba sa cajin kowa kuɗin ƙugiya. An buɗe ƙofar keji tuntuni, mu ne muka saba da zaman ciki.

Abin da ƙugiya take yi wa irina

Bakano ko Bakatsine idan ya ga an rubuta kasa, kunnensa zai gaya masa ko ƙasar noma ake nufi, ko kasa kaya, ko kasa yin abu. Ni ba ni da wannan kunne. A Hausar da muke yi a Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da Kwoi, yawancinmu ba ma bambanta k da ƙ a baki, ko d da ɗ. Na shekara ashirin ina cewa baki ga bakin da ake cin abinci da shi, da baƙin da suka zo gida, da baƙin launi, duk da murya ɗaya. Ban san fada da faɗa kalmomi ne daban ba sai da na gan su a rubuce. Na taɓa ba aji dariya da na karanta ɓari a matsayin bari. Littafin da aka buga da ƙugiya shi ne malamina na farko a furuci, kafin kowane malami.

To, masu jin Hausa irina suna da yawan gaske, daga Jos zuwa Yola, daga Kumasi zuwa Yamai. Duk marubucin da ya yar da ƙugiya yana cewa ai kowa zai gane, da 'yan gida kaɗai yake magana, ya rufe ƙofa ya bar mu a waje. Abin mamaki, mu baƙin harshen ne muka fi buƙatar daidaitaccen rubutu fiye da masu shi.

Wani zai ce ai rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kuma ana fahimta, me zai hana a bar ƙugiya ita ma? Amsata ita ce, rubutun da ya riga ya bar abu biyu ga hasashen mai karatu bai kamata a ƙara masa na uku ba. Wani kuma zai ce akwai wuraren da ba a karɓar waɗannan haruffa ko an so. Wannan gaskiya ne. Layuka biyun da ke ƙasan shafin fasfo, waɗanda na'ura ke karantawa, ba sa ɗaukar komai sai A zuwa Z da alƙaluma da wata alama guda, kuma Bajamushe da Bafaranshe ma haƙuri suke yi da nasu haruffan a wurin. Amma ban taɓa jin Bajamushe ya cire ɗige-ɗigen wasulansa daga jarida da littafi don fasfo ya ƙi su ba.

Gyaran da muka yi

Washegari ƙanina ya ce gyaran ba shi da wuya. Zai rubuta haruffan Hausa a jere a layi ɗaya, ya ce wa manhajar ta bi matsayin kowane harafi a wannan layi, ta manta da lambarsa ta Unicode. Sai ya juyo ya ce, "Yaya, faɗa mini jerin." A nan ne na ga inda aikinmu yake. Ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, wannan ba gardama. To sh fa? Idan harafi ɗaya ne, kalmar shanu bayan suna za ta zo. Idan biyu ne, tsakanin sarki da suna za ta faɗa. Haka ts. Ina za a sa ky da gw da ƙw? Sai kuma 'y. Waƙafin sama miƙaƙƙe lambarsa 39, saboda haka 'ya'ya za ta haye saman kowace kalma. Idan kuwa manhajar rubutu ta lanƙwasa shi, lambarsa ta zama 8217, kalmar ta faɗa ƙasan kowa. A Nijar kuma ƴ suke rubutawa, mai lamba 436. Kalma ɗaya, mazauni uku.

Mai rubuta manhaja ba zai iya yanke wannan hukunci ba, na masana harshe ne. Daga baya na gano cewa ma'ajiyar ƙa'idojin harsuna ta Unicode, wadda ake kira CLDR, tana da jerin Hausa, inda ta ɗauki sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu, kuma manyan manhajoji da dama suna amfani da irin wannan tanadi. Sai dai yaron da ke koyon sana'ar a Kafanchan ba zai nemi abin da bai san akwai shi ba, mu kuma da ya kamata mu gaya masa ba mu sani ba.

Idan Hausa mai tarin littattafai da jaridu tana fama haka, ina ga harsunanmu? A rubutun Tyap akwai a̱ da i̱ masu layi a ƙasa. Ido yana ganin harafi ɗaya, kwamfuta kuwa biyu take ƙirgawa, wato wasalin da kuma layin. Duk da haka matasan Atyap sun jajirce har aka buɗe Wikipedia ta Tyap a 2022. Idan su ba su yar da layinsu ba, ban ga hujjar ɗalibin Hausa na yar da ƙugiyarsa ba.

Shawarwari

Na farko, kowannenmu ya sa allon madannai na Hausa a wayarsa yau ɗin nan, ya kuma riƙa sa ƙugiya ko da a hirar zaure ce ta 'yan aji. Na biyu, ina roƙon malamanmu su ware ko da mako biyu a darasin ƙa'idojin rubutu domin bayanin yadda kwamfuta ke adana haruffa da jera su. Na uku, ƙungiyarmu ta ɗalibai ta nemi 'yan sashen kimiyyar kwamfuta mu zauna tare, su kawo sanin na'ura mu kawo sanin harshe. Matasa masu wannan ilimi suna ko'ina. A Kafanchan ma Gidauniyar Fantsuam ta daɗe tana koyar da kwamfuta tun farkon shekarun 2000. Na huɗu, tsofaffin kundayen da aka buga da q da x da v, mu sa hannu a mayar da su Unicode kafin su zama abin da ba mai iya bincikawa. Na ƙarshe, duk wanda aka ba jerin sunaye ko maki ya buga, ya ƙirga su kafin da bayan jerawa, ya kuma dubi shafin ƙarshe. Wannan darasi da tsada na saye shi.

Kammalawa

Ƙanina ya warware kacici-kacicinsa ba tare da s ba, ya kuma ƙaru da sanin abin da ake nufi da jerawa. Namu kacici-kacicin ba za a warware shi da barin harafi ba, sai da koya wa na'ura inda kowane harafi yake zama. A rabon shekarar 2024 ni na sake buga sunayen, na sa ƙugiya kamar da, kuma masu Ɗ suka fito bayan masu D a shafin farko. Kawu ya duba takardar ya miƙo mini bai ce komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu ɗaliban harshe kuwa wannan ɗakin namu ne. Allah Ya sa mu dace, amin.